Ziyarar ɗalibai a ƙasar Sin: da me ake dawowa gida bayan hotuna?

A taron ƙoli na haɗin gwiwar Sin da Afirka da aka yi a Bejin daga ranar 4 zuwa 6 ga watan Satumban 2024, inda faraminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya wakilci Nijar, hankalin jama'a ya fi karkata ga maganar kuɗi: yuwan miliyar 360, kimanin dalar Amurka miliyar 50, cikin shekaru uku. Amma a cikin alkawuran akwai wasu biyu da suka shafi jami'o'inmu kai tsaye. Na farko, guraben horo 60,000 ga ƴan Afirka, akasari mata da matasa. Na biyu, keɓe shekarar 2026 a matsayin shekarar cuɗanya tsakanin al'ummomin ɓangarorin biyu. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ƙarin tikitin jirgi, ƙarin gayyata, da ƙarin tawagogin ɗalibai da za su tafi ganin tarihi da al'adun Sinawa na mako ɗaya ko biyu.

Gayyatar ta zo daidai lokacin da wata tsohuwar ƙofa ta tsuke. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, sannan ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Djibo Hamani a Tawa, wanda a da yake hangen Paris ko Bordeaux, yanzu dole ya waiwayi wasu wurare. Ita kuwa Sin ta daɗe da shirin karɓarsa. A shekarar 2003 ɗaliban Afirka da ke karatu a can ba su kai 2,000 ba. A 2018 ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta nuna sun haura 81,000.

Don haka babu sauran gardama kan a je ko kada a je. Za a je, kuma ya kamata a je. Abin dubawa shi ne abin da tawagar ke kawowa idan ta sauka a filin jirgin Diori Hamani.

Tsarin irin wannan ziyara sananne ne, kusan ba ya canzawa. A Bejin za a kai baƙi tsohuwar fadar sarakuna da aka gina tsakanin 1406 da 1420, inda sarakuna 24 na daulolin Ming da Qing suka zauna. Za a hau Babbar Ganuwa a ɗauki hoto da tutar ƙasa. Daga nan a shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa birnin Xi'an (ana furta shi Shi'an), tafiyar kusan kilomita 1,200 cikin sa'o'i biyar zuwa shida. Wanda ya saba kwashe yini guda cur a motar bas daga Yamai zuwa Damagaram, wannan kaɗai ya isa ya ɗaure masa kai. A tsakani akwai darasin rubutu da burushi, da yankan takarda, da shan shayi, da ƴan gaishe-gaishe cikin Sinanci. A ƙarshe a ga dogayen benayen Shangai da dare, a yi liyafar ban kwana, a raba takardun shaida.

Babu laifi a cikin ko ɗaya daga waɗannan. Gani ya kori ji, kuma saurayin da bai taɓa wuce Birnin Konni ba yana da haƙƙin ya ga duniya. Sai dai mai masauki ne ke zana hanya, shi ke biyan otel, shi ke zaɓen tafinta da ɗan jagora. Kowace ƙasa haka take yi wa baƙinta. Faransa ta yi mana shekara da shekaru, Amurka ma tana da nata shirin na gayyatar matasa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Askin da ake jira a nan ba mai wuya ba ne: ka koma gida da kyakkyawan zato, ka faɗa wa abokanka. Aikin malamin da ke rakiyar tawaga shi ne ya tabbata ɗalibansa sun san da wannan ciniki, sannan su ci ribarsa fiye da yadda aka tsara masu.

Yadda Sin ke riƙe da tarihinta

Darasin da ya fi girma a wannan tafiya yana cikin yadda Sinawa ke aiki da tarihinsu, fiye da tarihin kansa. A arewa maso yammacin Bejin akwai kangon wata fadar shaƙatawa ta sarakuna, Yuanmingyuan. A watan Oktoban 1860 sojojin Faransa da na Ingila suka wawashe ta, daga bisani Ingilishi suka cinna mata wuta. Wasu daga kayan da aka kwasa har yau suna fadar Fontainebleau a Faransa. Hukumomin Sin suna da kuɗin da za su sake gina ta sau goma, amma suka bar duwatsun a zube, ana kai yaran makaranta su gani da idonsu. A babban gidan tarihi na ƙasa da ke dandalin Tiananmen ma, labarin Sin ta zamani yana farawa ne daga yaƙin da Ingila ta ƙaddamar don tilasta mata sayen ƙwayar ofiyom, yaƙin da ya ƙare a 1842 da miƙa tsibirin Hong Kong. Daga nan ake lissafa abin da suke kira ƙarnin wulaƙanci, har zuwa 1949.

Ɗan Nijar da ya tsaya a wannan kango bai kamata ya ji kamar baƙon labari yake saurare ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa da wuta da takobi: ta yi arangama da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan kiyashi a Birnin Konni a watan Mayu, kafin jagororinta su halaka a yankin Maijirgi a watan Yuli, ragowar kuma su ci Damagaram. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1900, sojojin Faransa na cikin rundunar ƙasashe takwas da ta kutsa Bejin. Zamani ɗaya ne, kuma tuta ɗaya ce ta bayyana a wuraren biyu. Bambancin shi ne can an mayar da raunin makaranta, nan kuwa ɗalibai nawa ne jami'a ta taɓa ɗauka a mota ta kai su Lugu ko Dankori? A ganina, duk tawagar da za ta Bejin ya dace ta fara da kwana uku a kan wannan hanya ta gida. Kuɗin bai kai na tikitin mutum biyu ba.

Haka abin yake a Xi'an. Dubban sojojin yumɓu da aka binne tare da sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, manoma ne suka tono su a watan Maris na 1974 suna haƙar rijiya. A wannan shekarar ce, ranar 20 ga watan Yuli, Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Bejin, watanni uku bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki. Shekara guda bayan haka, a 1975, aka gano namu mutum-mutumin yumɓu a Bura, cikin yankin Tera, wurin da masanin tarihi Boubé Gado ya yi tono a 1983. Na Xi'an an gina masu rumfa, an kafa cibiyar bincike, miliyoyin mutane na biyan kuɗi su gan su kowace shekara. Na Bura ɓarayin kayan tarihi suka far masu, har sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Ɗalibin tarihi da ya je Xi'an ya dawo da bayanin yadda ake tsare wurin, wa ke biyan masu gadi, wane kaso mazauna yankin ke samu, wace doka ta hana fitar da kaya, ya kawo abin da gidan tarihi na Boubou Hama zai yi aiki da shi gobe.

Akwai kuma shafukan da ɗan jagora ba zai buɗe ba sai an tambaya, wani lokaci ko an tambaya. Yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta biyo bayan manufar tilasta wa manoma shiga gonakin gama-kai da narka ƙarfe a bayan gida, ta kashe mutanen da ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 15 zuwa sama da miliyan 40. Juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya rufe jami'o'i, ya tura malamai karkara, kuma jam'iyyar kwaminis da kanta ta amsa a 1981 cewa babban kuskure ne. Abin da ya faru da ɗalibai a dandalin Tiananmen a watan Yunin 1989 ba a maganarsa a fili. Ga ƙasa irin tamu da ta san yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005, sanin yadda manufar gwamnati ke haifar da yunwa ya fi sanin sunayen sarakunan Ming amfani.

Batun addini ma haka. Za a kai ɗalibanmu babban masallacin Xi'an, mai rufin gini irin na Sinawa, wanda ake danganta asalinsa da shekara ta 742, su ci abinci a unguwar Musulmi ƴan ƙabilar Hui. Za a ba su labarin Zheng He, Musulmin da ya jagoranci jiragen ruwan daular Ming tsakanin 1405 da 1433 har gaɓar gabashin Afirka. Duk gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a ranar 31 ga watan Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto kan tsare Musulmin Uighur a jihar Xinjiang, rahoton da Bejin ta yi fatali da shi. Kuma fatakenmu na Maraɗi da ke zuwa Guangzhou saro kaya ba su manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otel-otel da sunan yaƙi da korona, har jakadun Afirka suka rubuta takardar koke. Ba a ce baƙo ya tsaya a gidan mutane yana yi masu tsiwa ba. Ana so ne ya karanta kafin ya tafi, don ya san inda labarin da ake ba shi ya tsaya.

Su ma sun yi yawon neman sani

Abin da ya fi dacewa mu kwaikwaya daga Sinawa shi ne yadda su kansu suka yi irin wannan tafiya lokacin da suke baya. A 1872 daular Qing ta fara tura yara maza zuwa Amurka karatu, su 120 cikin shekaru huɗu. A 1920 wani yaro ɗan shekara 16 ya sauka a Faransa cikin shirin aiki da karatu. Ya yi leburanci a masana'antar ƙarfe ta Le Creusot, da ta roba kusa da Montargis, da kamfanin motoci na Renault. Sunansa Deng Xiaoping.

Da mulki ya dawo hannunsa bayan mutuwar Mao, bai manta ba. A 1977 aka maido da jarrabawar shiga jami'a, mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki ƙasa da 300,000. A watannin Mayu da Yunin 1978 mataimakin faraminista Gu Mu ya jagoranci tawaga zuwa Faransa, Suwizalan, Beljiyam, Danmak da Jamus ta Yamma. Sun shafe sama da wata guda suna shiga masana'antu, tashoshin jiragen ruwa, tashoshin lantarki da gonaki, suna tambaya, suna rubutawa. Da suka koma, shugabannin jam'iyya suka zauna na sa'o'i suna sauraren rahotonsu, rahoton da ya faɗi ba tare da kunya ba cewa an bar Sin a baya nesa. A watan Oktoba Deng da kansa ya je Japan ya hau jirginsu mai sauri, a Nuwamba ya je Singafo. A Disamba jam'iyya ta amince da sauya alƙiblar tattalin arziki, kuma a ƙarshen watan rukunin farko na masana 52 ya tashi zuwa Amurka. A 1980 aka buɗe yankin Shenzhen, inda a yau kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel da ke aljihun rabin ƴan kabu-kabunmu yake da mazauni.

Tawagar Gu Mu ta tafi da tambayoyi a rubuce, kuma akwai masu jiran amsa a gida. A nan ne tamu ke da rauni. Sau da yawa sunayen masu tafiya kan fito a gurguje, ba tare da an san ma'aunin da aka bi ba. A kan dawo, a yi ɗan biki, hotuna su zagaya a WhatsApp da Facebook, shi ke nan. Ba wanda ya nemi rahoto, ba inda aka ajiye shi, tawagar baɗi kuma za ta fara daga inda ta bana ta fara.

Alhali tambayoyin da Nijar ke buƙatar amsarsu a kan Sin ba su da iyaka, kuma masu tsada ne. Kamfanin CNPC ne ke haƙar man Agadem. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2011 da ganga 20,000 a rana, kashi 60 cikin ɗari nasa ne, 40 na ƙasa. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a Benin su suka shimfiɗa shi. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin a matsayin kuɗin gaba kan ɗanyen man da za a sayar. Ba a cika shekara ba, a watan Maris na 2025, hukumomi suka ba manyan jami'an Sinawa uku na CNPC da SORAZ da WAPCO wa'adin barin ƙasa, bisa ƙorafin giɓin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa da kuma rashin ba ƴan Nijar manyan muƙamai, aka kuma janye lasisin otel ɗin Soluxe a Yamai. Ƙara da gada ta biyu da ta uku a kan kogin Isa, da babban asibitin ƙwararru na Yamai, da filin wasa na Seyni Kountché, da madatsar Kandaji. Hulɗar ma ba kullum take lami lafiya ba: a 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya ta koma wajen Taiwan, sai a watan Agustan 1996 aka dawo da zumunci da Bejin.

Ƙasar da ke da irin wannan ɗauri da wata ƙasa tana buƙatar mutanen da suka san ta ciki da bai: lauyoyi, injiniyoyin mai, masana haraji, tafintoci. Cewa a ba ƴan ƙasa muƙamai magana ce mai daɗin ji, amma sai akwai wanda zai zauna a kujerar ya karanta takardar da ke gabansa. Sinawa sun gane wannan tun da wuri a kanmu. Gidan rediyonsu na ƙetare ya fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1963, kuma jami'ar koyon harsunan waje ta Bejin tana yaye ɗaliban Hausa shekara da shekaru. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, sai a ce sun riga mu shiri. Idan aka zauna ciniki, ɗaya na jin abin da kake raɗa wa abokinka, kai ba ka jin nasa, an san wanda zai fi cin riba.

Ziyarar kwana goma ba za ta koya wa kowa Sinanci ba. Jami'o'in can kan buƙaci matakin huɗu ko sama na jarrabawar HSK kafin a shiga karatun digiri da harshensu, kuma kai wa can aikin shekara guda ne ko fiye, ba dare ba rana. Amfanin gajeriyar ziyara shi ne ta zama matata: cikin mutum ashirin a gano uku ko huɗu da za su iya komawa su yi shekaru, sannan hukumar ANAB mai kula da bursi da ma'aikatar ilimi mai zurfi su san sunayensu, su san abin da suke karantawa, su tanadar masu wurin aiki kafin wani kamfani ya ɗauke su tafinta da albashin da bai taka kara ya karya ba.

Kuma ba da hannu biyu babu komai za mu je ba. Wannan wani ɓangare ne da masu shirya tafiyar ke mantawa. Sin ta fara dasa katangar itatuwa a arewacinta tun 1978, kuma a Shapotou cikin yankin Ningxia ta ƙware wajen ɗaure tudun rairayi da karan alkama da ake kafawa gida-gida kamar dara, don kare layin dogo. A ƙarshen 2024 ta sanar da kammala zagaye hamadar Taklamakan da shingen tsirrai na sama da kilomita 3,000. Ɗalibin aikin gona daga Maraɗi ko Tawa zai ƙaru a can fiye da kan Ganuwa. Amma shi ma yana da abin koyarwa. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram, ta hanyar barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe na hikima, suka maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan eka wajen miliyan 5 ta ma'aunin hekta, ba tare da gandun gwamnati ko tankar ban ruwa ba. Gawon da ke tsaye a gonakin Magarya da Matamai masana daga ƙasashe da dama sun zo sun nazarce shi. Tawagar da ta nemi a ba ta awa ɗaya ta gabatar da wannan a wata jami'ar Ningxia za a dube ta da wani ido daban.

Nemansa ba abu ne mai wuya ba. Masu masauki kan karɓi shawarar canza jadawali idan ta zo a kan lokaci kuma a rubuce, musamman daga shugaban jami'a. Abin da ke hannun jami'o'inmu da ƙungiyar ɗalibai ta USN shi ne su amince kan ƙa'ida kafin gayyata ta gaba ta iso: a lika sanarwa kowa ya gani, a zaɓa bisa cancanta da fannin karatu, a ba ƴan mata da jami'o'in jihohi kasonsu don kada Yamai ta cinye duka, kowane ɗalibi ya tafi da tambaya ɗaya da sashensa ya ba shi, ya dawo ya gabatar da amsarta a gaban jama'a, da Faransanci da kuma Hausa ko Zabarmanci, a ajiye kofi a ɗakin karatu. Alkawuran taron Bejin na shekaru uku ne, kuma zama na gaba an tsara shi a 2027 a Jamhuriyar Kwango. Kafin lokacin, rabon Nijar daga guraben nan 60,000 zai riga ya fita, da ƙa'ida ko babu.